Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan majalisar tarayya na jihohin kan iyakar Nijar: kada a sake rufe mana hanya da sanarwa ɗaya

Masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai na Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ina kuma roƙon ku yi haƙuri ku karanta takardar nan har ƙarshe, don maganar da ke cikinta ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne, sana'ar da na gada a wurin mahaifina. A ƙasar Jibiya aka haife ni, mahaifiyata kuwa 'yar wani ƙauye ce a bayan Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi. Wake da aya nake saye a can in kawo Dawanau, in lodo gero da masara in mayar. Rabin dangina da naira suke cefane, rabi da sefa. Ba ni da muƙami a kowace jam'iyya, ba ni kuma da kwangilar da nake nema a hannun kowa.

Ranar 20 ga Agusta 2019 aka wayi gari an rufe iyakokin Najeriya na tudu. Kwana 44 kafin nan, ranar 7 ga Yuli, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya sa hannu a birnin Yamai kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka. Sai ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, Seme da Illela da Maigatari da Mfun. Tamu ta Jibiya da ta Kamba sai a Afrilun 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame hanya har Maris na 2024. Ku lissafa da kanku: tsakanin Agustan 2019 da Maris na 2024, ƙofar Jibiya ta yi sama da shekara uku a kulle. Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce, wane ne a cikinku ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da wannan? Ba doka kuka yi ba. Umarni ne ya fito daga ɓangaren zartarwa, mu muka ji a rediyo, ku ma na tabbata da yawanku a nan kuka ji.

Ina so ku ga abin da idona ya gani a makonnin farko na rufewar 2019. Tireloli sun yi jerin gwano a gefen titi, hancin wannan a gindin waccan. Albasa ba ta jira. Cikin 'yan kwanaki ta fara ruwa tana tsiyaya ta ƙasan mota, ƙudaje sun yi baƙi ƙirin, wari ya hana mutum tsayawa a kusa. Direbobi sun shimfiɗa tabarmi a inuwar motocinsu, yaran mota na hura wuta a tsakanin duwatsu uku suna dafa ɗan abin da ya rage. Wani dattijo da muka daɗe muna hulɗa ya kwance bakin buhun wakensa ya damƙo ya nuna mini, ƙwari sun huhhuda shi, yana murzawa yana zama gari a tafin hannunsa. Kuɗin waken nan ba nasa ba ne shi kaɗai, da na matan unguwarsu da suka zuba adashi suka ba shi ya juya musu. Bai yi kuka ba, sai salati kawai yake yi. Shi wannan ba ya cikin lissafin kowa. Haka mai shayin tasha, da mai tuwo-tuwo, da 'yan dako, da 'yan canji, da mai faci, da yarinyar da ke tallan gyaɗa a bakin shinge. Da aka zo a Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai abin ya kai ga mai injin niƙa da mai injin ban ruwa da motar da za ta ɗauki mai naƙuda, mutanen da ba su taɓa tsallakar da ko galan ɗaya ba.

Akwai wani ra'ayi da Turawa ke kira libatariyan, wato ra'ayin a sakar wa mutum mara a kan ransa da guminsa da dukiyarsa, muddin bai taɓa haƙƙin wani ba. Masu wannan ra'ayi suna cewa aikin hukuma shi ne ta tsare rai da dukiya, ta hukunta ɓarawo da maha'inci, ta tabbatar an cika alkawarin ciniki. Idan za ta wuce nan ta hana mutum wani abu, to ita ce za ta kawo hujja, ba talaka ne zai riƙa neman izinin neman abincinsa ba. Ban yarda da duk abin da mutanen nan ke faɗa ba, don a cikinsu akwai waɗanda ko makarantar gwamnati da asibitinta ba sa so, ni kuwa a makarantar gwamnati na koyi rubutun da nake yi muku yanzu. Amma a kan maganar ciniki da hanya, na ga gaskiyarsu a jikina. Wani Bafaranshe daga cikin magabatansu, Firederik Bastiya, ya rubuta a 1850 cewa kowace doka tana da abin da ake gani da abin da ba a gani. An ga dalar shinkafar da aka jera a Abuja a Janairun 2022, an ɗauki hotonta. Buhun waken dattijon nan ba wanda ya ɗauki hotonsa.

Kada wani ya ce mini tunanin baƙi na ɗauko. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa farashi ya taɓa tashi a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade musu farashi. Sai ya ce Allah ne mai sa farashi, mai ƙuntatawa, mai yalwatawa, mai azurtawa, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa ba wanda ke bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Na sani malamai sun yi bayani a kai, wasunsu sun halatta wa shugaba ya sa baki idan 'yan kasuwa suka haɗa kai don cutar da jama'a. Amma ku duba inda aka ajiye asalin maganar: taɓa dukiyar mutum ba da yardarsa ba abu ne da shugaba ke tsoron a tambaye shi ranar gobe. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, shi ma ya yi gargaɗin cewa idan mutane suka ga ana iya raba su da abin da suka tara a kowane lokaci, sai zuciyarsu ta mutu, su daina nema, kasuwa ta mutu, baitulmali ma ya bi ta. Kuma tun kafin Ingila da Faransa su zauna su ja layin nan a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, fatakenmu na kai goro daga Gwanja, ayarin raƙuman Azbin na sauko da gishirin Bilma har Kano. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. Hanyar ta girmi iyakar nesa ba kusa ba.

Na san hujjojin da aka bayar, kuma ba zan raina su ba, don masu bayar da su ba duka ne maƙiyanmu ba. An ce makamai na shigowa. Gaskiya ne suna shigowa, mu da ke ƙasar Jibiya ba mu bukatar a ba mu labarin 'yan bindiga, mun binne 'yan'uwanmu. Amma mai safarar bindiga bai taɓa bin layi a ƙofar hukuma yana jiran a buga masa hatimi ba. Iyakar nan ta kai kusan kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal, gona na haɗe da gona. Shi kansa Shugaba Buhari ya faɗa a Disamban 2020 cewa Allah ne kaɗai zai iya tsare ta yadda ya kamata. A daren 11 ga Disamban 2020, iyaka na rufe wata goma sha biyar da 'yan kai, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Wanda aka tsare a ƙofa shi ne mai takarda, mai biyan haraji, wanda aka san sunansa da gidansa. Jami'in da ya kamata ya bi sawun makami sai aka mayar da shi mai farautar rabin buhun shinkafa a ƙarƙashin kujerar mota.

An ce man fetur na sulalewa. Ya sulale, domin a lokacin gwamnati ce da kanta ta sa shi ya fi araha a nan fiye da can, ruwa kuwa gangare yake bi. Maganin wannan yana wurin farashi da wurin waɗanda ke fitar da tankoki daga defo, ba wurin ƙauyen da aka bari a duhu ba.

Maganar shinkafa ce ta fi nauyi, ita zan ɗan tsaya a kanta. Manomin Kabi da na Haɗeja da na Kura ɗan'uwana ne, ina son ya samu. Tun Nuwamban 2015 da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kabi, noman shinkafa ya bunƙasa, injinan casa sun yawaita, wannan ba abin musu ba ne. Amma wa ya biya? A Agustan 2019, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci kashi 13.17 cikin 100. Zuwa Disamban 2020 ta kai 19.56. Ban ɗora duka a kan rufe iyaka ba, domin akwai korona, akwai ambaliya, akwai faɗuwar naira. Sai dai mai hankali ba ya toshe wa gida ƙofar abinci a shekarar da rufin ke yoyo. Duk ƙarin da aka samu a kan kwanon shinkafa, daga aljihun lebura da malamin firamare da bazawara mai marayu ya fito, ba a kira shi haraji ba, ba a kuma nemi yardarsu ba. Kuma shinkafar waje ba ta daina shigowa ba. Ta bar titi ta koma daji, kan babura, da tsakar dare, kowane shinge da na goronsa. Yaran da da suke dako a tasha da rana tsaka suka koma 'yan sumoga, suna gudun ceton rai da buhu uku a bayan babur, wasu ba su dawo ba. Mai babban jari da sanayya a sama ya san yadda kayansa ke wucewa. Kashin dankali aka yi mana, na sama ya danne na ƙasa. In ana son manomi ya yi gogayya da shinkafar Tailan, abin da yake nema a bayyane yake: ya je gonarsa ya dawo lafiya, ya sami ruwan noman rani da taki da hanyar fitar da amfani. Waɗannan su ne aikin hukuma na asali, su ne kuma aka fi gazawa a kansu.

Shi manomin ma da aka ce don shi ake yi, ranar da iska ta juya shi aka fara takewa. A farkon 2024, da tsadar abinci ta yi tsanani, sai aka koma tare motocin hatsi masu fita, aka garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau da sunan ɓoye abinci, wata jiha ma ta hana sayen abinci da yawa a kasuwanninta. Ɓoye abinci don a gasa wa jama'a aya a hannu haramun ne, duk wanda aka kama da hujja a kai shi gaban alƙali. Amma ajiya daban, ɓoyo daban. Wanda ya sayi gero da kaka ya adana, shi ne dalilin da ya sa ake samun gero a kasuwa a watan Yuli, lokacin da rumbun manomi ya ƙare. Idan ka tsorata shi bana, baɗi ba zai ajiye ba. Bayan duk wannan, a Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama cashewa ba, wato abin da aka yi shekaru ana kama mutane a kansa ya zama shi ne magani. Yau a ce kada ka shigo da shi, gobe a ce kada ka fitar, jibi a ce shigo da shi kyauta. Da wane lissafi mutum zai yi shuka, ko ya ci bashi, ko ya gina rumbu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da dillalin Maigatari ya sani game da farashin rago a wannan makon, da abin da manomin Galmi ta Nijar ya sani game da albasarsa, ba ofishin da zai iya tattara shi, komai yawan digirin da ke cikinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hannu ya saba. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta, an rufe kasuwannin mako. A Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun 200 da 500 da 1,000, mutane suka kwana a bakin banki suna sayen kuɗinsu da kuɗinsu, har sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Kowane da dalilinsa mai daɗin ji, kowane kuma salonsa ɗaya: a hukunta kowa saboda laifin wasu, ba wa'adi tabbatacce, ba diyya. Tsofaffinmu sun ga irin wannan a 1984, da aka haɗa canjin kuɗi da rufe iyaka ana tsakiyar fari, hanya ba ta buɗe ba sai 1986.

A daminar 2023 kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya rasu a ƙauyensu. Da la'asar aka bugo mini. A da, tafiyar da zan yi in iske jana'iza ce. Wannan karon sai da na jira duhu, na hau bayan babur ɗin wani yaro, muka kashe fitila muka ratsa ta cikin gero da ya kai kafaɗa, ganye na marin fuskata, ƙafata na nutsewa a laka duk inda muka sauka muka tura. Sau uku ana haska mu da tocila, sau uku ina sa hannu a aljihu. Na isa an riga an kai shi makwancinsa. Na tarar da gidan a duhu, garin da ke kusa ma a duhu, domin an yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Matarsa ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, kai ma sai da ka yi satar hanya?" Ba ita ta yi juyin mulki ba. Ba ta san sunan ko soja ɗaya daga cikin waɗanda suka yi ba. Takunkumin bai mayar da Bazoum kan kujera ba, ECOWAS ta janye shi a Fabrairun 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka fice daga ƙungiyar.

Ba zan manta da alherinku ba. A Agustan 2023, da aka kawo maganar tura soja Nijar, sanatocin Arewa sun fito sun ƙi, Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar sulhu. Ranar mun yi barci. Shi ya sa nake da yaƙinin cewa in kun so, za ku iya.

Ga abin da nake roƙo. Sashe na 305 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce idan shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun amince cikin kwana biyu in kuna zama, ko kwana goma in kuna hutu, kuma bayan wata shida ta faɗi sai an sabunta. Waɗanda suka rubuta wannan sun san hatsarin barin irin wannan iko a hannun mutum ɗaya. To me ya sa rufe hanyar abincin miliyoyin mutane na shekara uku ba ya bukatar ko ɗaga hannu? Ku yi doka: duk rufe iyaka ga mutane da halastattun kaya da zai wuce 'yan makonni, a kawo shi gabanku da dalili a rubuce, da ranar ƙarewa, ku yi muhawara a bainar jama'a, kowa ya kaɗa ƙuri'a da sunansa don mu san inda wakilinmu ya tsaya. In annoba ce ko yaƙi, ba wanda zai hana a rufe nan take, amma a dawo gare ku kafin wa'adin ya cika. Wanda kayansa na halal suka lalace a ƙofa saboda umarnin da bai san da zuwansa ba, a buɗe masa hanyar neman diyya a kotu, kamar yadda sashe na 44 ya tanada ga wanda aka karɓe wa dukiya. Ku kuma sa a bayyana adadin shingayen da doka ta sani a kan hanyar Jibiya zuwa Katsina, da Illela zuwa Sakkwato, da Maigatari zuwa Kano, da abin da aka halatta a karɓa a kowanne, a kafa allo da Hausa da ajami a bakin hanya, duk abin da aka karɓa a ba da rasit. Harajin da aka sassauta har mutum ya ga bin titi ya fi masa bin daji, shi ne zai shiga asusun gwamnati.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma ta ƙasarmu zai ratsa. Ina murna da shi ƙwarai. Amma ba ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a kan jirgin da sanarwar dare ɗaya za ta iya tsayarwa.

Kafin ku rubuta ko layi ɗaya na dokar, ina roƙon kwamitinku ya yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan iyakar kanta, kada a tsaya a otal a Abuja. Ku zo Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, ku zauna a kara wurin masu shanu, ku kira direbobi da dillalai da matan da ke sayar da abinci, ku bar su su yi magana da Hausa ba tare da an tsara musu abin da za su faɗa ba. In kun sa rana, zan zo da dattijon nan mai wake, yana nan da ransa, har yanzu bai gama biyan matan unguwarsu ba.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam,
Naku, wani ɗan kasuwar hatsi daga ƙasar Jibiya